Kafin ka zuba kuɗi a kwamfutar editin, zo mu yi maganar faifai da wuta

Wani ƙanena da ya fara karɓar aikin bidiyon biki ya turo min jerin kayan da zai saya ya haɗa kwamfuta, na duba naga firosesa mai tsada, katin girafik mai tsada, akwati mai fitilu kala-kala kamar motar kai amarya, sai can ƙasa faifan ajiya guda ɗaya tal na tera ɗaya, babu UPS mai riƙe kwamfuta da batir in an ɗauke wuta, babu komai. Nace masa ƙanena ka sayi ingarman doki amma ka manta da turke da abincinsa. Ya ɗauka wasa nake, to wlh ba wasa nake ba, domin ni an taɓa yi min karatun nan da zafi.

Shekarun baya na ɗauki wani biki na kwana uku, kamu da ɗaurin aure da dina, kamara biyu. Na dawo na juye komai a wani had-dis na waje ƙarami irin na aljihu, na goge katunan saboda washegari akwai wani aikin. Ina cikin editin yaron shagona ya zo wucewa ƙafarsa ta ja kebul, faifan ya faɗo daga kan tebur yana cikin juyawa. Da na mayar sai naji yana wani ƙas, ƙas, ƙas a hankali, kwamfuta kuma ko ganinsa bata yi. Haka na je na durƙusa gaban baban amarya nace Alhaji Allah ya huci zuciyarka ga abin da ya faru, ya daɗe yana kallona sannan yace "to yaro yanzu sai a sake ɗaura auren kenan ka ɗauka?" Na mayar da kuɗi, amma abin da yafi kuɗin ciwo shine duk danginsu babu wanda ya sake kirana. Tun daga ranar in zan haɗa kwamfuta daga faifai nake farawa, sai wuta, sannan sauran kayan.

Fara da lissafi tukuna, kasan nawa kamararka take ci. Ka shiga saitin kamara zakaga wani lamba kamar 50M ko 100M, wato megabit a sakan ɗaya kenan. Ka raba shi gida takwas ya baka megabait. Sony A7 III misali tana ɗaukar 4K a 100M, kenan megabait 12.5 a sakan, 750 a minti, giga 45 a awa guda. Kamara biyu kowacce ta ɗauki awa shida a tsawon biki, giga 540 ya tafi, baka saka na jirgin sama mara matuƙi ba, baka saka hotuna da sauti da abin da zaka fitar ba. Kuma faifan da aka rubuta tera ɗaya a kwalinsa idan ka saka Windows zai nuna maka giga 931 ne, ba cutarka akayi ba, hanyar ƙirgen ce ta bambanta, na tera huɗu ma 3.63 zaka gani. To ka faɗa min yadda za a yi Windows da manhajar editin ta Premiere da biki biyu su zauna a faifai ɗaya na tera ɗaya lafiya.

Faifan nan iri uku ne a kasuwa kuma kowanne da aikinsa. Akwai HDD mai juyawa, shine mai araha mai faɗin ciki, mai kyau a cikinsu mai juyi 7200 a minti yana bada kamar megabait 150 zuwa 250 a sakan idan fayil ɗin dogo ne a jere. Akwai SSD na SATA mai kama da ƙaramin akwatin ashana mai faɗi, shi yana tsayawa wajen 550 domin iyakar hanyar SATA kenan. Sai NVMe, ɗan siriri kamar cingam da ake sokawa a jikin madabod, na PCIe 3.0 yana kai 3,500, na 4.0 yana kai 7,000. Wani zai ce to ai bidiyon 12.5 kawai yake buƙata a sakan, me yasa HDD mai 200 yake sarƙewa? Dalili shine editin ba kallon fim bane daga farko zuwa ƙarshe, kana jan taimlayin gaba da baya, kamara biyu ko uku suna wasa lokaci ɗaya, ga waƙa a ƙasa, ga kash, wato fayilolin wucin gadi da manhaja take yi wa kanta, ana rubutawa, shi kuma HDD allura ce guda a ciki take ta tsalle daga nan zuwa can tana neman kowane guntu, nan take gajiya. SSD babu allura babu juyi, duk inda aka nema nan take yake miƙowa.

Tsarin da nake yi kuma nake ba kowa shawara shine haka. SSD na giga 500 ya zama C, Windows da manhajoji kawai, ko na SATA ne ya isa, kar ka ajiye aikin kwastoma ko ɗaya a kansa, har da Desktop ɗin nan da kowa yake son jibge kaya a kai, domin Desktop ma cikin C yake, ranar da Windows ya rikice mai gyara ya ce sai an yi fomat zaka gane amfanin maganata. Na biyu NVMe na tera ɗaya ko biyu, shine teburin aiki, bikin da kake yi yanzu da firojet ɗinsa da kash suna nan. Na uku HDD babba tera huɗu zuwa sama a cikin akwatin, shine rumbu, duk aikin da aka gama ya koma can. Na huɗu wani HDD na waje wanda ba a barinsa a jone, ana saka shi ne a kwafa a cire a ajiye, kuma in da hali ba a shagon zai kwana ba.

A da can ana cewa dole sai kash ya samu faifansa daban. Zamanin HDD gaskiya ne, amma yanzu NVMe guda yana ɗaukar bidiyo da kash tare ko a jikinsa, saboda haka in kuɗinka bai kai ba kar ka takura kanka a nan. In ma abin ya matse sosai, NVMe ɗaya na tera ɗaya ya riƙe Windows da aikin yanzu, HDD ɗaya ya riƙe kwafi, ka fara da haka. Abin da dai bazan yarda dashi ba shine wannan dabarar ta raba faifai ɗaya gida biyu a ce ga C ga D an samu biyu. Ɗaki ɗaya ne ka rataya labule a tsakiya, in rufi ya rufta duka ya danne.

Wajen sayen SSD kar lambar gudun da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Masu arahar nan da yawa suna da wani ɗan sashe mai sauri a gaba, kana fara kwafa zakaga yana gudu kamar walƙiya, da ya cika wannan sashen sai gudun ya faɗo ƙasa wani lokacin har ƙasa da na HDD, kuma mu da muke juye giga ɗari biyu a zama ɗaya mu ne muke cin karo da wannan. Ka nemi wanda aka rubuta TLC a matsayin nau'in ƙwaƙwalwarsa, ka bar nau'in QLC wa masu ajiye takardu. Akwai kuma lambar TBW, wato yawan abin da za a iya rubutawa a kansa a tsawon garantinsa, Samsung 970 EVO Plus na tera ɗaya misali 600 ne, ko kullum kana zuba giga 100 zakayi shekaru fiye da goma baka cinye ba, don haka ba abin tsoro bane in dai na kirki ka saya. Sannan kar ka cika shi maƙil, ka bar kamar kashi ɗaya cikin biyar a sarari, SSD in ya cika nauyi yake yi. A ɓangaren HDD ma akwai irin wannan tarkon, akwai SMR akwai CMR, SMR yana jibga layukan rubutu kan juna ne don ya samu wuri, in kwafi yayi tsawo sai ya dinga tsayawa yana numfashi. An yi ta surutu a kan wannan a 2020 lokacin da aka gano wasu faifan WD Red SMR ne, daga baya kamfanin ya ware na CMR ya kira su Red Plus. IronWolf na Seagate ma CMR ne. Ka ɗauki lambar faifan ka bincika kafin ka biya.

Sakawa ba wuya. Ka kashe kwamfuta ka zare wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai, musamman lokacin hunturu da iska ta bushe jiki yake tara wannan 'yar wutar da take yi maka tsat in ka taɓa ƙofar mota, ita kaɗai tana iya kashe kaya. NVMe a karkace ake soka shi kaɗan, sannan a danna ƙarshensa ƙasa a ɗaure da ɗan ƙaramin sukurun nan mai saurin ɓata. In madabod ɗin ya zo da ƙarfen sanyaya shi, akwai leda siririya a jikin robar da ke ƙasan ƙarfen, ka ɓare ta, na sha buɗe kwamfutar mutane in tarar da ledar tana nan daram. Ramin M.2, wato inda ake soka NVMe, na kusa da firosesa yawanci shine mafi sauri, kuma ka duba littafin madabod domin a wasu in ka cike rami na biyu sai ya kashe ramin SATA ɗaya ko biyu, mutum ya yi ta zaton HDD ɗinsa ne ya mutu alhali hanya aka toshe masa. Ka lura kuma ba duk mai siffar M.2 bane NVMe, akwai M.2 na SATA, kamarsu ɗaya amma gudunsa 550 ne.

Da ka kunna, sabon faifai bazai fito ba sai ka shiga Disk Management. Zai tambaye ka MBR ko GPT, ka zaɓi GPT, MBR baya ganin abin da ya wuce tera biyu. Ka yi masa fomat na NTFS. A nan ɗin kuma ka yi wani abu da zai raba ka da ciwon kai, ka ba kowane faifai harafinsa na dindindin da hannunka, na waje ka basu haruffan can ƙarshe kamar X da Y, domin in ka bar Windows yana rabawa yau faifan ya zama E gobe ka soka filash ya koma F, ka buɗe firojet ka tarar da jan allon nan na Media Offline ya cika taimlayin. Maganar exFAT kuma, amfaninsa ɗaya ne, Mac da Windows duk suna karantawa suna rubutawa a kansa, tunda Mac yana karanta NTFS amma baya rubutu. Sai dai exFAT baya ajiye bayanin abin da yake cikin yi kamar yadda NTFS da APFS na Mac suke karewa, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu ko ka fizge kebul yafi saurin rikicewa, don haka na kai aiki wurin wani ne kawai, ba na zama ba. FAT32 kuwa fayil ɗin da ya wuce giga huɗu baya shiga, ka manta dashi.

Yanzu saiti a cikin manhaja, kuma wannan ka yi shi tun ranar farko. A Premiere ka shiga Edit, Preferences, Media Cache, zakaga ya ajiye kash a cikin C can wani lungu na AppData, ka canja shi zuwa wata folda a faifan aiki, a ƙasa akwai inda zaka ce ya dinga goge wanda ya tsufa da kansa, ka kunna. Wannan kash ɗin shine ɓarawon da yake cinye C mutum yana ta mamaki ina giga tamanin ɗinsa suka shiga. Scratch Disks kuma yana cikin Project Settings, shima ka kai shi faifan aiki, ka rage lokacin Auto Save zuwa minti biyar saboda halin wutarmu. Masu editin da manhajar DaVinci Resolve ku shiga Preferences, Media Storage, faifan da yake na farko a jerin nan ne yake zuba kash, ku ɗora faifan aiki a sama. Akwai kuma abin da yake cin mutane a Resolve, shi firojet ɗinsa ba fayil bane da zaka gani kusa da bidiyonka kamar na Premiere, yana cikin wani rumbunsa ne da yake zaune a C in baka canja ba, ka yi fomat ɗin C duk editin ɗinka ya tafi ko da bidiyon suna nan lafiya. Ka kunna Live Save da Project Backups, kuma duk sanda ka tashi aiki ka yi Export Project ka jefa ɗan fayil ɗin cikin foldar bikin.

Folda ma tsari take so. Ni kowane aiki da kwanan wata nake fara sunansa, shekara sannan wata sannan rana sannan sunan bikin, sai su jeru da kansu. A ciki akwai foldar kamara ta ɗaya, kamara ta biyu, sauti, waƙoƙi, firojet, da abin da aka fitar, kuma kowane kati da foldarsa. Ka kwafi katin gaba ɗaya yadda yake da duk 'yan foldojin cikinsa, kar ka shiga kana tsintar bidiyo kawai, kuma kar ka haɗa na kati biyu wuri ɗaya domin kamara tana iya maimaita suna, C0001 na jiya da C0001 na yau su haɗu ɗaya ya danne ɗaya. Ina amfani da TeraCopy saboda yana sake duba abin da ya kwafa ya tabbatar daidai yake da na katin, FreeFileSync kuma shi nake sawa ya daidaita faifan aiki da na waje kowane dare, kyauta ne. Dokar da na ɗora wa kaina tun bayan maganar Alhajin nan, ba a goge kati sai bidiyon yana wuri biyu kuma na buɗe na gani da idona. In aiki ya biyo baya a jere gara in sayi wani katin.

Wasu zasu ce maka ka yi RAID ka huta. RAID 0 haɗa faifai biyu ne su zama ɗaya mai sauri, ɗaya ya mutu komai ya mutu. RAID 1 kuma duk abin da aka rubuta a ɗaya ana rubutawa a ɗayan, yana taimako in faifai ya mutu, amma in da hannunka ka goge folda ko bairos ya shiga ko wuta ta ƙona akwatin ko ɓarawo ya ɗauke shi, duka biyun ne suka tafi tare. Shiyasa faifan da yake a cire a cikin durowa a gida yafi min kwanciyar hankali. Ɗora wa a intanet yana da kyau amma ka yi lissafin data da lokaci, giga 45 a layin da yake turawa da megabit 10 awa goma cur zai ci, Google Drive na kyauta kuma giga 15 ne duka-duka. Ni firojet da bidiyon ƙarshe kawai nake ɗorawa can. Kuma ajiya ta shekaru a HDD ake yi, SSD in ya daɗe sosai babu wuta yana iya fara mantuwa, balle a zafin garinmu.

To sai sauran kayan. Ram giga 16 na 1080, giga 32 na 4K, Adobe da kansu haka suke bada shawara, in kana haɗawa da manhajojin ifet irin After Effects ko Fusion kuwa 32 ɗin ma farawa ce. Ka sayi guda biyu iri ɗaya maimakon ɗaya babba, 16 biyu yafi 32 ɗaya gudu, a madabod mai rami huɗu yawanci na biyu da na huɗu daga firosesa ake sakawa, sannan ka shiga BIOS, wato saitin madabod, ka kunna XMP, ko EXPO in AMD ne na DDR5, in ba haka ba ram ɗin zai zauna a ƙaramin gudu ka biya kuɗin abin da baka mora ba. DDR4 da DDR5 basa shiga ramin juna, kar ka danna da ƙarfi.

Firosesa, ga wani abu da 'yan kasuwa basa faɗa. Na Intel da lambarsa ta ƙare da F, kamar 12400F, yafi araha saboda an cire masa girafik na ciki, ɗan wasan gem bai damu ba amma kai edita ka damu, domin a cikin wannan girafik ɗin ne Quick Sync yake, shine yake warware H.264 da H.265 ɗin da kamarori da wayoyi suke ɗauka ba tare da firosesa ya yi gumi ba. Musamman 10-bit 4:2:2 na H.265 da sababbin kamarorin Sony da Canon suke fitarwa, Intel tun daga ƙarni na 11 yana warware shi, katunan Nvidia kuwa sai a jerin RTX 50 suka fara. In ka saka katin girafik wasu madabod suna kashe na cikin da kansu, ka shiga BIOS ka kunna shi. Shi katin girafik abin dubawa shine nasa ram ɗin, giga huɗu na GTX 1650 zai yi maka 1080, 4K kuma ka nemi takwas zuwa sama, RTX 3060 mai giga 12 har yanzu ina ganin mutuncinsa musamman a Resolve da yake jingina da katin sosai. Wayar monita a jikin katin ake sokawa ba a jikin madabod ba, kar ka yi dariya, na gani ba sau ɗaya ba.

In taimlayin yana sarƙewa kar ka ruga kasuwa, buɗe Task Manager ka shiga Performance ka kunna bidiyon kana kallo. In faifai ne ya kai ɗari bisa ɗari to matsalar ajiya ce, in firosesa ne to warware bidiyon ne yake bashi wuya kuma ko NVMe goma ka saka babu abin da zai canja, in ram ne ya cika ka ƙara. Maganin na firosesa kyauta ne, furoksi, wato ƙananan kwafin bidiyon marasa nauyi, a Premiere ka zaɓi bidiyon ka danna dama ka shiga Proxy, Create Proxies, ka bar shi ya kwana yana yi, da safe ka yi editin da ƙananan, wajen fitarwa da kansa zai koma kan na asali. Bidiyon waya da 'yan uwan amarya suke turowa a saka musu kuma sau da yawa gudun firem ɗinsa hawa da sauka yake, shiyasa baki da murya suke rabuwa, ka wuce dashi ta HandBrake ka zaɓi Constant Framerate kafin ka shigo dashi.

Wuta. Nan ne nace wa ƙanena ya cire fitilun nan ya zuba kuɗin. Fawa saflai shine zuciyar akwatin, mara suna mai nauyin takarda in ya tashi mutuwa baya tafiya shi kaɗai, yana jan madabod da faifai. Ka sayi na kamfanin da aka sani mai tambarin 80 Plus, RTX 3060 Nvidia sun ce wat 550 ake so, ni 650 nake sakawa don a samu sarari. Sai sitabilaiza saboda wutar da take zuwa ƙasa-ƙasa da daddare ko ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, sai UPS a bayansa. Ka lura lambar VA ba wat bace, ɗan ƙaramin nan na 650VA bai kai wat 400 ba, kana renda aka ɗauke wuta ƙara ɗaya zai yi ya mutu tare da kwamfutar. Ka nemi 1500VA, wajen wat 900 kenan, kuma mai bada wuta mai santsi da ake rubuta pure sine wave a jikinsa, fawa saflai na zamani basu cika jituwa da ɗaya irin ba. Aikin UPS ba ya riƙe ka awa bane, ya baka minti biyar ne ka yi sebin ka kashe ko a tada janareta. In kana da inbata da sola to ka huta da rabin wannan, amma kar ka jona kwamfuta kai tsaye a ƙaramin janareta.

Zafi da ƙura kuma namu ne na gado. Watan Afrilu a Kano ana kai digiri 40, shago mai rufin kwano ya fi haka, NVMe kuwa in ya haura wajen digiri 70 da wani abu sai ya rage gudu da kansa don kar ya ƙone, firosesa ma haka yake yi in ya kusa iyakarsa. Ka sayi akwati mai raga a gaba ba mai gilashi a rufe ba, fanka biyu ko uku suna shigo da iska ta gaba ɗaya tana fitarwa ta baya, ka ɗaga shi daga ƙasa, kar ka cusa shi cikin lokar tebur. Lokacin hazo duk sati biyu nake cire ragar in kakkaɓe, duk wata biyu in fitar da akwatin waje in busa da bulowa, ina riƙe fankokin da yatsa kar iska ta juya su fiye da ƙima. HWiNFO zai nuna maka zafin kowane abu, ka duba kana cikin renda ba lokacin da kwamfutar take hutawa ba.

Yawancinmu na hannu muke saya, ko a Beirut Road ta Kano ko a saƙo daga Computer Village ta Ikeja, kuma babu laifi, firosesa da ram na hannu basu cika bada matsala ba. Tsofaffin injinan aiki irin HP Z440 suna da ƙarfi da araha, sai dai ka sani Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a Intel daga ƙarni na 8 yake karɓa a hukumance, irin waɗannan tsofaffin basa ciki. Ƙananan kwamfutocin ofis na HP da Dell kuma fawa saflai ɗinsu ƙarami ne kuma nasu ne na musamman, katin girafik babba bazai samu wuta ba ko ma ya ƙi shiga akwatin. Mai son Mac na M1 zuwa sama ya sani ram ɗinsa a manne yake ba a ƙarawa, abin da ka saya dashi zaka zauna, sai dai ka ƙara SSD na waje, shi ma ka duba ramin da kebul ɗin, USB 3.0 wajen 400 yake bayarwa, mai gigabit 10 wajen 1,000, kebul ɗin cajin waya kuwa ko da bakinsa iri ɗaya ne sau da yawa gudun USB 2.0 yake yi, megabait 40 ma da kyar.

Faifai ne kawai bana son na hannu, in kuma dole ce to kaje da filash ɗinka da CrystalDiskInfo a ciki, ka ce wa mai shagon oga bari in gwada a gabanka. In ya nuna shuɗi da Good ka duba Power On Hours, shekara ɗaya awa 8,760 ce, in kaga 26,000 to faifan ya yi shekara uku a kunne ba hutu duk da an goge jikinsa yana ƙyalli. In ya nuna ruwan ɗorawa da Caution ka ajiye masa kayansa ko nawa ya rage. Sabo a kwali ma ba a barinsa haka, akwai na jabu da aka rubuta tera biyu alhali cikinsa bai kai giga ɗari ba, zai karɓi kaya kamar gaske sai ranar buɗewa ka tarar da fanko, kati ma ana yin haka. H2testw shine maganinsu, yana cika faifan da rubutu har ƙarshe sannan ya karanta ya faɗa maka gaskiyar cikinsa. A babban HDD yana iya cin yini ɗaya ko fiye, ka ƙulla da mai shagon cewa in ya faɗi gwajin zaka dawo dashi, ka karɓi rasit mai lambar faifan a jiki, ka kai gida ka jona a UPS ka bar shi ya kwana yana yi kafin bidiyon kowa ya hau kansa.